Fuskokin da Ba a Wanke Ba

Akwai waɗansu mutane, sun san kansu, ba zan ɓata tawada da sunayensu ba, waɗanda suka toshe ƙofa a kan maza arba'in da ransu, sa'an nan suka aika wa matansu cewa gudu suka yi. Wannan bai ishe su ba. Da ramin ya daina ba su abin da suke so, sai suka share shi, suka rataya fitilu, suka tsayar da ɗan rakiya mai zaƙin baki a ƙofa. Yau 'ya'yansu ke kai baƙi kallon kabarin kamar masu zuwa kallon dambe. Na faɗa, kuma ba da raɗa na faɗa ba.

Bayan haka, da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɓoye abin da ya ɓoye a cikinta, ya kuma sa wa kowane ɓoyayye ranar tonuwa. Ni ne Cindo ɗan Jatau, mutumin Tungar Ƙaya. Ban taɓa zama gaban malami ba ko na wuni guda. Baƙaƙen rubutu na koya a jikin buhunan fatake, hankali kuwa a hannun waɗanda suka cuce ni. Ana cewa ina da zafin rai da kaifin baki. Gaskiya ne, ba kuma na neman magani.

Ina ciki wata biyu ubana ya tafi tonon gishiri ƙasar Sambalai, a kan zai yi rani biyu ya dawo. Da rani na biyu ya wuce sai manzon masu ramin ya iso garinmu, ya ce Jatau ya gama aikinsa lafiya ƙalau, ya auri wata 'yar can, ya bi ta gabas. Tun daga ranar mahaifiyata, Inna Dela, ba ta sake kiransa da komai ba sai “wancan”. Shekara arba'in da bakwai ke nan da tafiyarsa. Ba ta nemi a raba auren ba, ba kuwa don so ba. Ta ce tana so ranar da ya dawo ya same ta a ɗakin da ya bar ta, ta ga inda zai sa idonsa.

Da ciwo ya kwantar da ita, limamin garinmu ya zo dubiya, ya ce, “Dela, tafiya ta kusa ga kowa. A yafe wa mutane.”

Ta ce, “Na yafe, Malam. Har wanda ya sace min tunkiya shekarar fari na yafe masa. Ban da wancan.”

Da liman ya fita na ce, “Inna, kada ki je gaban Allah da wannan kaya a ka.”

Ta dube ni da ido ɗaya. Ta ce, “Kai da bakinka ba ya mutuwa, ƙafarka ce ta mutu? Je ka nemo shi. Ya zo ya durƙusa nan ya roƙa. In kuwa ya riga ni, ka gano min wadda ta rufe masa ido, in san wa aka fifita a kaina.”

Na ɗaura rawani na fita. Ba zan ɓoye ba, a raina mari na ɗauka zan kai wa tsohon, ba gaisuwa ba.

Wata uku na yi a hanya. Na ƙetare Kogin Baya, wanda ruwansa ke gudu daga teku zuwa dutse. Na ratsa wani daji da itatuwansa ke amo kamar maƙera in iska ta kaɗa. A garin Lallami, inda ɗaga murya babban laifi ne, ban cika wuni ba aka tsare ni saboda wani mai waina da ya raina min hankali. Da aka kai ni gaban alƙali sai na shiga yi masa bayani ƙasa-ƙasa, ina motsa leɓe kawai, yana matsowa ina ƙara ragewa, har ya ƙule ya daka min tsawa, “Kai, ɗaga murya!” Nan take dogarai suka yi ram da shi, ni kuwa na kakkaɓe rigata na kama hanya.

Daga ƙarshe na isa Birnin Gurmasa na ƙasar Sambalai, wanda ke zaune a kan ramin gishirin da ake kira Uwar Kantu. Na tambayi Jatau a kasuwa, na tambaya a zango, ba wanda ya san shi. Aka ce min shekara dubu aka yi ana tonon ramin, an rufe shi yau shekara talatin, amma kullum da hantsi ana saukar da baƙi su yi kallo, a fito da su kafin la'asar. Na ce to, in ban ga mutumin ba, na ga inda ya ci amana.

Mu talatin muka taru a ƙofa. Abu na farko da masu gadi suka yi shi ne karɓe mana goruna da butoci, don ruwa abokin gaban gishiri ne, ko ɗigo ba ya shiga. Sai ga ɗan rakiyarmu, Barmo, cikin farar riga, haƙori a waje, murya kamar an shafa mata man shanu. A bayan ayari kuma akwai wani tsoho mai riƙe fitila, Baba Gwadabe, idanunsa ja kamar gauta, gishiri ya cinye masa kan yatsu. Kusa da ni wata dattijuwa ce, Tasalla, mai sayar da goro, wadda tari ya dama, aka ce mata iskar ramin na buɗe ƙirji.

Barmo ya ce, “Baƙinmu masu daraja, matakala ɗari takwas ce. Wanda ya gaji ya lashi bango, zai ji ƙarfi.”

Na ce, “Bangon da baƙin shekara talatin suka lasa? Ka lasa mana, mun yarda da kai.”

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga ya riƙe fuskata.

Muka yi ta sauka har hasken ƙofa ya koma kamar ƙwayar gero, ya ɓace. Daga nan dariya ta ɗauke da kanta. Sanyi ne a wurin mara iska, shiru kuma irin wanda mutum ke jin jininsa na tafiya. Na sha yawo, na ga abubuwa, amma ban taɓa ganin irin abin da hannun talaka ya yi a cikin wannan duhu ba. Mun shiga wani masallaci da aka sassaƙa daga gishiri tsantsa, ginshiƙai goma sha biyu, da wurin tsayuwar liman, ƙasan ya lotsa daidai inda goshi ke sauka. Mun ga bargar jakuna waɗanda a ƙasa aka haife su, a ƙasa suka mutu, ba su taɓa sanin akwai rana ba. Mun tsaya bakin wani tafki baƙi ƙirin, Barmo ya jefa guntun ƙarfe a akushi ya tura, ya ce ko mutum ya faɗa ciki ba ya nitsewa, ruwan ba ya karɓar kowa. Tasalla ta ce, “Allah mai iko.”

Wajen azahar muka iso wani dogon zaure. Da aka ɗaga fitilu sai mata biyu suka yi salati. Bangon duka fuskoki ne, jeri bisa jeri har sama, kowace kamar faɗin faifai, kowace da askar gidansu a kumatu. Ga masu zube, ga masu bille, ga masu kalangu, ga waɗansu irin da ban taɓa gani ba. Waɗansu an yi su da gwaninta, waɗansu kamar wasan yara. Tsakaninsu kuma gurabe ne da yawa, sumul, babu komai.

Barmo ya gyara murya. “Nan ne Zauren Sarakuna. Waɗannan su ne sarakunan gishiri da suka mulki Uwar Kantu, su ɗari uku da sittin. Guraben da kuke gani an bar su ne don masu zuwa.”

Na ce, “Sarki ɗari uku da sittin a shekara dubu? Me ke cin sarakunanku haka, ko kowace kaka ake girbe su tare da dawa?”

Ya ce, “Baƙo, a bari a gama bayani.” Ya ja ayari gaba zuwa wani ɗaki da ake nuna tsofaffin kayan aiki.

Zan bi su ke nan Tasalla ta riƙe min hannun riga. Ta ce, “Ɗan nan, tsaya. Baba, kawo fitilar nan.” Ta dubi bango, ta dube ni, ta sake duban bango. “Wannan ai kai ne.”

A jeri na huɗu daga ƙasa take. Zane uku a kuncin dama, uku a hagu, da ɗan gajere tsakanin gira, askar Tungar Ƙaya, irin wadda ke fuskata. Ga faɗin goshin, ga hancin. Na tsaya ina kallon kaina a jikin gishiri.

Tsohon ya matso da fitila kusa da fuskata. Ya ce, “Daga ina kake?”

Na faɗa masa.

Ya ce, “Mutum ɗaya tak ya taɓa saukowa nan daga garin nan. Jatau mai waƙa. In yana sara yana rera waƙar noma, har mu da ba mu san gonarsu ba mun iya ta.”

Na ce, “Shi nake nema. Wace hanya ya bi da amaryarsa?”

Tsohon ya ajiye fitila a ƙasa, ya zauna kusa da ita. Ya ce, “Ɗana, nan babu sarki ko ɗaya. Mu masu tono daga ƙasa arba'in muka fito, ba mai karatu a cikinmu. Saboda haka ranar da mutum ya fara aiki zai sassaƙa fuskarsa da askarsa a bangon nan, a san ya shigo. Ranar da ya gama kuma, abokai su zubo masa ruwan daɗi, ya wanke ta da hannunsa, ya bar wa rami abin rami, ya hau. Guraben nan da ka gani sumul, na waɗanda suka koma gida ne.”

Ban gane ba da farko. Ko kuwa na gane, na ƙi.

Na ce, “To tasa ga ta nan.”

Ya ce, “Ga ta nan.”

Tasalla ta toshe baki da gyale.

Tsohon ya ci gaba, bai ɗago kai ba. “A wata na uku da saukarsa ruwa ya ɓalle a rami na tara, can ƙasa. Su arba'in ne a ciki. Da an jira rabin wuni da sun fito, amma da ruwan ya kai ga farin gishirin da ake kai wa fada. Masu ramin suka ce a gine ƙofar. Aka gine. Kwana huɗu muna jin suna bugu. Da wa'adin aikinsu ya cika aka tura manzanni gari-gari a ce sun gudu, don in ƙauyuka suka ji gaskiya ba uwar da za ta sake bari ɗanta ya zo.”

Na ce, “Wa ya gine?”

Ya nuna min yatsunsa. “Mu shida aka zaɓa. Ni kaɗai na rage.”

Ban san lokacin da hannuna ya kai wuyansa ba. Na ɗaga shi kamar buhun ƙaiƙayi na haɗa da bango. Bai kare kansa ba. Ya ce da ɗan abin da ya rage masa na murya, “Matsa, ɗana. Shekara arba'in da bakwai nake saukowa kullum ina jiran mai wannan hannun.”

Tasalla ta ce, “Cindo, ka ji tsoron Allah! Gawa za ka kai wa uwarka ko labari?”

Na sake shi. Na zaro 'yar wuƙata na ce zan ɓamɓaro fuskar in kai wa Inna, don na san ta, ba za ta yarda da bakina ba.

Tsohon yana tari ya ce, “In ka ɗauke ta, ka tafi da shaida, shi kuma ka bar shi a ƙasa. A wurinmu wanda ba a wanke fuskarsa ba bai tashi aiki ba. Kuma ba mai wanke ta wani, sai shi ko jininsa. Shi ya sa har yau suke nan, su arba'in ɗin da duk sauran da rami ya ci. Ba ɗan da ya zo, don ba ɗan da aka gaya wa.”

Na daɗe tsaye da wuƙa a hannu. Can gida tsohuwa na kwance tana jiran abin da za ta taɓa da hannunta. Nan kuma ga mutum da na tsine wa tun ina yaro, yana aiki shekara arba'in da bakwai ba a sallame shi ba. Na mai da wuƙa kube. Na ce zan koma tafki in jiƙo rawanina.

Tsohon ya girgiza kai. “Ruwan tafki ya ƙoshi da gishiri, ba ya cin ko ƙwaya. Sai ruwan daɗi.”

Sai Tasalla ta juya baya, ta kwance wani abu daga ƙugunta, ta miƙo min 'yar gora. Ta ce, “Ni da tarin nan a raba ni da ruwa? Ko uban masu gadi bai isa ba. Ungo.”

Kafin in zuba na dubi fuskar ubana sosai, zane-zane, don in riƙe. Na lura zane na uku a kuncin hagu ya karkace ya nufi kunne, na ce a raina wuƙar ce ta goce masa. Na yi bismilla, na jiƙa bakin rawanina, na fara daga goshi. Gishiri ya shiga narkewa a ƙarƙashin hannuna. Gira ta tafi, ido ya tafi. Tsohon na bayana yana rera wata waƙar noma da ban taɓa ji ba. Na ce, “Baba, an tashi aiki. Hau.” Ranar na fara kiran ubana Baba.

Sai ga Barmo a guje, da masu gadi biyu, da sauran baƙi a baya. Haƙoran nan duk sun koma ciki. Ya ce, “Ka san abin da ka yi? Dokar ramin nan, wanda ya ɓata bango a nan ake barinsa, ba fitila, har masu ramin su zauna su yanke. Ba sa kuwa gaggawar zama.”

Na san in baƙin nan suka hau aka bar ni, labarina ya ƙare, na Inna ma haka. Saboda haka na ɗaga murya yadda zauren duka ya amsa.

Na ce, “Jama'a, kun ji da kunnenku ya ce waɗannan sarakuna ne. Ga dattijuwa nan, ta ga fuskar kafin in taɓa ta. Inna Tasalla, ta wa ce?”

Ta ce, “Tasa ce sak, har hancin. In an ce in rantse, a kawo abin rantsuwa.”

Na ce, “To, Malam Barmo, zaɓi ɗaya. In sarki ne, ubana ne, ni ke nan ɗan sarki, magajin Uwar Kantu, ka ce wa bayin nan su sauke hannu su faɗi su yi gaisuwa. In kuwa ba sarki ba ne, ga mutum talatin daga ƙasa goma suna saurare, ka gaya musu ko wane ne, da dalilin da ya sa bai wanke fuskarsa ya hau ba.”

Wani baƙo ya ce, “Wanke fuska kuma? Me ke nan?” Barmo ya dubi tsohon, ya dubi baƙi. Can sai murmushi ya dawo, a hankali, kamar mai sa rigar aro.

Ya ce, “Baƙinmu masu daraja, kuskure aka yi. Dama babu fuska a nan, damshi ya cinye ta tuntuni. Wannan bawan Allah zurfin rami ne ya taɓa masa kai, yakan faru. A ba shi hanya ya sha iska.”

Haka na hau matakala ɗari takwas da sunan mahaukaci, ba wanda ya taɓa ni. Na yi sallama da Tasalla a ƙofa. Baba Gwadabe kuwa bai hau tare da mu ba, ya ce zai kashe fitilu.

Na sami Inna da rai, ta koma kamar tsinke. Ta ce, “Ina shi?” Na zauna na ba ta labari tun daga ƙofa har ƙarshe.

Ta ce, “Cindo, kai da za ka iya sayar wa makaho madubi. Ka ga ina mutuwa ka shirya min tatsuniya. Ina shaida?”

Na ce, “Na wanke ta da hannuna.”

Ta juya fuska bango.

Raina ya ɓaci. Na ce, “Da ma na ɓamɓaro miki ita kin huta! Ba ma wani aikin kirki ba ne, ko zanen kuncin hagu bai iya miƙar da shi ba, na ukun ya karkace ya yi kunne.”

Sai ta juyo. Ban taɓa ganin idonta haka ba.

Ta ce, “Ba wuƙa ce ta goce ba. Wanzami ne ya yi atishawa ranar da ake masa aska. Gemu ya rufe wurin. Ba wanda ya sani sai uwarsa da ni.” Ta shiga ƙirga da yatsu. “Wata na uku da saukarsa. Ashe kana ciki. Ashe Audi na haifa ban sani ba.” Audi kuwa shi ne sunan da ake ba ɗan da ubansa ya rasu kafin ya zo duniya.

Na ce, “To kin yafe masa?”

Ta ce, “Ni? Kira min liman ya gaya min yadda ake roƙon gafarar wanda ya mutu.”

Ranar ta sa aka cire mata 'yan kunne, ta ce ta shiga takaba. Liman ya ce, “Dela, wannan wa'adi ya wuce tun da daɗewa, ba ya kanki.” Ta ce, “Malam, kai da littafinka, ni da mijina.” Ta yi wata huɗu da kwana goma cif, ta yi wankan fita, bayan kwana tara ta bi shi.

Wannan shi ne abin da na gani, kuma ban rage ba, ban ƙara ba. Wanda ya ce bakin Cindo ne kawai, hanyar Gurmasa ba a rufe take ba. Ya je ya ba da gorarsa a ƙofa, ya sauka. Ɗan rakiya zai ce masa sarakuna ɗari uku da sittin, ya ƙirga da yatsansa, zai sami ɗaya babu. Ya tambaya wane irin damshi ne ke shiga ramin da ko ɗigo ba ya shiga, ya cinye fuska guda ya bar maƙwabtanta. Sa'an nan ya ɗaga fitila ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko babu askar gidansu, ya kuma tuna ko a danginsu babu wani da aka ce ya tafi neman arziki ya manta gida. In ya hau daga nan bakinsa na iya motsi, ya zo Tungar Ƙaya, ina zaune a ƙofar ɗakin Inna, ya dubi idona ya ce ƙarya nake.